"Mun ɗan samu saɓani": me ya sa matar da ake duka ba ta iya faɗin abin da aka yi mata?

Maman Sadik (Tudun Wada):
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo shi nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, yawancin aikina a ɓangaren mata. Mace za ta zo da ido a kumbure, ko leɓe a fashe, ko tana dafe da haƙarƙari tana numfashi da ƙyar. Ki tambaye ta me ya faru, amsar ba ta wuce "santsin banɗaki ne ya kwashe ni", ko "ƙofa ce ta buge ni". In ta ɗan saki jiki da ke sai ta ce "mun ɗan samu saɓani ne da Babansu". Saɓani fa, ga haƙori ya fita.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata yarinya ce da ta zo murya a dishe, haɗiyar yawu ma wahala take ba ta, ga jan ɗigo-ɗigo a farin idonta. Na aiki ƙanwar mijin da ta rako ta sayen magani, na ja labule, na ce, "Ƙanwata, dukanki yake yi?" Ta ce, "A'a wallahi Anti, bai taɓa dukana ba." Na ce, "To ya taɓa kama miki wuya?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Shaƙewa dai yakan yi in ransa ya ɓaci, amma ba ya duka." Ba ƙarya ta yi mini ba, a wurinta shaƙewa daban, duka daban. Mu kuma a aikinmu mun san shaƙe wuya na cikin manyan alamun da ke nuna ran mace yana cikin hatsari, ya fi mari nesa ba kusa ba. Da na tsaya a tambayar farko, da maganin mura zan ba ta ta koma gida.

Tambayata: Hausar ce ba ta da kalmomin, ko mu ne muka hana matan aure amfani da su?

'Yar Gyallesu:
Innalillahi. Anti wannan ai kullum ne. A unguwarmu ma "Maigidan yana da ɗan zafi" ake cewa, alhali kowa na jin ihunta ta katanga.

Malama Samaru:
Wa alaikumus salam. Maman Sadik, Hausa nake koyarwa, kuma ina tabbatar miki harshen bai gaza ba. Muna da mari, naushi, shuri, maƙura, finciko gashi, gwara kai da bango, ja a ƙasa, jibga, lakaɗa, tsula bulala. Ki je kowace firamare lokacin tara, ki ji yarinya 'yar aji uku tana kai ƙara: "Malam, wane ne ya maƙure ni, ya haɗa kaina da benci." Ta faɗi wanda ya yi, ta faɗi abin da ya yi, ta faɗi inda ya yi. Yarinyar nan ce dai za a kai ɗakin miji bayan wasu shekaru, kalmomin nan duk su ɓace mata.

Ku lura da yadda maganar take fitowa. Tun farko an koya mata ba a kiran sunan miji: Maigida, Malam, Alhaji, Baban wane, ko "shi" kawai. Wannan ladabi ne, ba ni da ja. Amma ranar da za ta kai kuka, bakin da bai saba kama sunansa ba yana jin nauyin haɗa shi da mummunan aiki. Sai ta fake da "an": an mare ni, an yi rigima, hannu ya kai. Wa ya mara? Babu kowa a cikin jimlar. Ko ta ce "mun yi faɗa", nan take laifin ya rabu biyu, rabi nata rabi nasa, ko da ita tana durƙushe ne tana ba da haƙuri aka yi faɗan. Sai kuma wanda ya fi ba ni takaici, inda ake mayar da aiki ya zama hali: "yana da zuciya", "yana da saurin hannu". An ɗauke maganar daga abin da ya yi daren jiya, an mayar da ita kamar wata larura da aka haife shi da ita, wadda sai dai a yi masa uzuri. Daga nan sai a gangara zuwa sharrin Shaiɗan, ko "asiri aka yi masa", ko "kishiya ce ta shiga tsakani". Kowa ya samu rabonsa na laifi ban da mai hannun.

Baban Khalifa (Sabon Gari):
Malama, da girmamawa, ina ganin ana so a kai mu inda ba nan ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Yanzu in mace ta saya maganar gidanta, ta rufa wa mijinta asiri, sai a ce harshe ya danne ta? Iyayenmu da haka suka zauna shekara arba'in, hamsin. Yanzu kuma an shigo mana da wasu kalmomi daga tarukan otal, komai "cin zarafin jinsi". Ka ɗaga murya cin zarafi, ka hana ta fita biki cin zarafi. Ga sakin aure ya yi yawa, ana ƙara zuga yara. Kuma mazan da matansu ke zagi da gori har su kasa shiga gida, su wace kalma aka tanadar musu?

'Yar Gyallesu:
Baban Khalifa, an ce maka yarinya an shaƙe ta har jini ya taru a idonta, kai kuma kana maganar fita biki?

Baban Khalifa (Sabon Gari):
Ban goyi bayan wannan ba, ƙanwata. Wannan ba namiji ba ne. Ina magana ne a kan yadda ake haɗa komai a kwando ɗaya.

Hajiya Babba (Kwarbai):
Ku dakata 'ya'yana, jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na daɗe ina sulhun aure a cikin birni, tun kafin a haifi wasunku. Malama ta yi gaskiya, amma ba duka ba. Sayen maganar nan da kuke gani, da can ba ɓoyewa ba ne, magana ce cikakkiya, don akwai masu kunnen jin ta. In yarinya ta shigo gida da hantsi ba ranar ziyara ba, ba kwalli, goyo ba hula, ta gaishe ni ta ce "Inna, na zo in ɗan huta", ni na gama jin komai. Ba sai ta ce ya yi mini kaza ba. Zan sa a ɗora ruwa, in kai ta ɗaki, in ce cire mayafin in gasa miki jiki. A nan zan ga abin da zan gani da idona, in kira ubanta in faɗa masa da bakina, ita ba ta yi rashin kunya ba.

Yaji kansa ai magana ne. Mace ta yi yaji, ta gaya wa duniya akwai matsala ba tare da ta buɗe baki ba. Dole miji ya zo biko da manyansa, a zaunar da shi a zaure, a ce Malam me ya faru? Shi ne mai bayani, shi ne mai jin kunya. Yanzu fa? Yarinya ta zo da magariba, kafin isha'i uban ya tare Keke ya mayar da ita, wai kada maƙwabta su ga ta kwana. Ba a ko ce ta cire hijabi ba. To bakin nata ne ya mutu ko kunnenmu?

Malama Samaru:
Allah ya ƙara girma, Hajiya. Na karɓi wannan. Sai dai tsarin da kika faɗa yana aiki ne in gidan iyaye na kusa kuma akwai irinku a ciki. Yarinyar da aka auro daga Ikara ko Soba aka ajiye a gidan haya a Dogarawa, maƙwabtanta ba ta san su ba, uwarta sai a waya, wa zai ga ba ta sa kwalli ba? A waya kuma "lafiya lau" ce amsar kowace gaisuwa.

'Yar Gyallesu:
Kuma Hajiya, ko an faɗa ɗin, tambayar farko ita ce "ke me kika yi masa?" Yayata ta taɓa daurewa ta ce wa gwaggonmu ya mare ta. Gwaggo ta ce "mari ɗaya?" Daga ranar ba ta sake cewa komai ba, sai "Alhamdulillahi".

Hajiya Babba (Kwarbai):
Wannan gwaggon taku ta yi kuskure, 'yata. Amma ni ma ina tambayar me ya haɗa ku, don ba a sulhu da jin ɓangare ɗaya. Sai dai ba ita ce tambayar farko ba. Sai ta ci ta sha, ta yi barci tukuna.

Ɗan Shika:
Salam. Ni ɗalibin kiwon lafiyar al'umma ne, bari in kawo alƙaluma kaɗan, don abin da Maman Sadik ta gano a bayan labule shi ne masu bincike suka gano tuntuni. A babban binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ba a tambayar mace "ana cin zarafinki?" Ana bin abin ɗaya bayan ɗaya ne: ya taɓa hankaɗe ki ko ya jefe ki da wani abu? Ya taɓa marinki? Ya taɓa murɗe miki hannu ko ya ja gashinki? Ya taɓa shaƙe ki ko ya ƙona ki? Ya taɓa zare miki wuƙa? Ya taɓa wulaƙanta ki a gaban mutane? Kuma ƙa'ida ce sai an keɓe da ita, in ba a samu keɓewa ba a bar tambayoyin. Da aka yi haka, kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure suka ce miji ya taɓa yi musu ɗaya daga cikin irin waɗannan, na jiki ko na shimfiɗa ko na muzantawa. Kashi 55 cikin 100 na waɗanda aka taɓa cutarwa ba su nemi taimako ba, ba su ma taɓa gaya wa kowa ba.

Akwai wani adadin da ya fi waɗannan ɗaure kai. Kashi 28 cikin 100 na mata sun yarda miji na da hujjar dukan matarsa a kan aƙalla abu ɗaya, kamar ƙona abinci, gardama, fita ba izini, sakaci da yara, ko ƙin shimfiɗa. Maza da suka yarda da haka kashi 21 ne. Wato matan sun fi mazan yarda. Wadda ta ɗauki abin a matsayin ladabtarwa ba za ta kira shi zalunci ba ko an tambaye ta sau goma.

Baban Khalifa (Sabon Gari):
To ka gani. Su kansu matan ba su ɗauke shi yadda kuke ɗauka ba.

Ɗan Shika:
Yallaɓai, ƙashin da ya karye bai san sunan da aka sa wa dukan ba.

Almajirin Kona:
Assalamu alaikum. Na ga an fara jingina shirun nan da addini a fakaice, rufin asiri da haƙuri, shi ya sa na ce bari in sa baki. Mata da yawa suna zaton faɗin abin da miji ya yi musu giba ce, ko tonon asirin aure da zai kai su wuta. Wannan fahimtar ba daga littafi take ba. A Suratun Nisa'i aya ta 148 Allah ya ce ba ya son bayyana mummunar magana, sai ga wanda aka zalunta. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, na farkonsu kai kukan zalunci ga wanda zai iya cire shi. Hindu 'yar Utba ta zo gaban Annabi (SAW) ta ce mijinta Abu Sufyan mutum ne marowaci, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta. Ta kama sunansa, ta faɗi halin, kuma ba a ce mata ta yi rashin kunya ba, fatawa aka ba ta. Khaula 'yar Sa'alaba ta kai kukan mijinta, sura guda ta sauka da sunan jayayyar tata, Mujadala. Da Fatima 'yar Ƙaisu ta nemi shawara kan masu neman aurenta, an gaya mata ƙarara cewa Abu Jahmi ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa.

Sannan ga abin da ya kamata kowace mace ta sani. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, akwai babin darar, wato cutarwa. Mace na da haƙƙin alƙali ya raba auren saboda cutarwa bayyananniya, kuma Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce ko da shaidu ba su tabbatar an maimaita ba. Malaman da suka yi sharhi ba su tsaya a duka kaɗai ba, sun ambaci ƙaurace mata ba dalili, da zaginta, da zagin ubanta. Kun ga "ya zagi iyayena" da ake cewa mace ta share, a fiƙihu magana ce mai nauyi. Kuma a Tuhufa, littafin hukunce-hukuncen alƙalai, an ce cutarwa na tabbata da shaidu, ko da labarin da ya yaɗu a bakin mutane. Wato ihun da 'yar Gyallesu ta ce ana ji ta katanga, shaida ne in maƙwabta za su yarda su faɗa.

Barista (Kongo):
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda nake so in zo, don a nan ne kalma take zama kuɗi. Mace za ta tsaya gaban alƙali, ga mijin, ga waliyyinta, ga maza cike da benci. A ce me ke tafe da ke? Kunya ta hana ta cewa yana dukana, sai ta ce "Allah ya gafarta Malam, na gaji ne kawai, ba na son zaman." Magatakarda ya rubuta abin da ya ji. Shi ke nan shari'a ta koma khul'i: ita ce ke neman fita ba tare da ta ɗora masa laifi ba, don haka ita za ta fanshi kanta, ta mayar da sadaki ko abin da aka daidaita. Matar da aka fasa wa baki ita ce kuma za ta sayar da gadonta da kwanukanta ta biya wanda ya fasa. Da ta ce ya cutar da ni, ga ranar, ga abin da ya yi, ga takardar asibiti, ga maƙwabciyar da ta raba mu, da babin da za a buɗe daban ne, kuma ba ta biyan ko kwabo.

Shi ya sa kafin mu shiga kotu nake zaunar da mace mu yi ta maimaitawa. Nakan ce faɗa mini da sunansa. Wallahi wata sai ta yi minti biyar tana motsa baki sunan bai fito ba.

Almajirin Kona:
Haka ne Barista. In ƙara da cewa ko ta riga ta biya kuɗin khul'in, in daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta sa ta nemi fita, malamanmu sun ce a mayar mata da dukiyarta, sakin kuma ya tabbata. Kaɗan ne suka san wannan.

Barista (Kongo):
Ta ɓangaren dokar gwamnati kuma, akwai tarihin da ya sa kalmar "ladabtarwa" ta yi ƙarfi. Tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 55 ya ce ba laifi ba ne miji ya yi wa matarsa abin da ya kira gyara, in al'adarsu ta yarda da haka, muddin bai kai mummunan rauni ba. Mummunan rauni kuma an lissafa shi: makanta, kurumta, karaya, fitar haƙori, ɓata fuska, ko ciwon da zai kwantar da mutum kwana 20. Ku duba tazarar da aka bari a ƙasan wannan. Shekaru da dama da wannan tunanin aka horar da masu karɓar ƙara.

A 2015 aka sa hannu a dokar VAPP ta tarayya, wato dokar hana cin zarafin mutane, Jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. Abin da dokar ta yi mai muhimmanci shi ne ta sa wa abubuwa suna: dukan abokin aure, muzantawa da baki, tsoratarwa, korar mace daga gida da ƙarfi, raba ta da danginta, danne mata dukiya ko hana ta abin masarufi, watsar da iyali ba ci ba sha. Akwai kuma umarnin kariya da kotu ke iya bayarwa. Amma da Turanci aka rubuta ta. Matar da ke Tudun Jukun da mijinta ya ƙwace mata waya, ya hana ta zuwa gidansu shekara biyu, ya karɓe kuɗin adashinta, ita abin da ta sani shi ne "yana da kulle" da "yana da kishi". Ba ta san akwai takardar da ta kira wannan laifi ba.

Sai matsalar rubuta bayani. Ta yi magana da Hausa, a rubuta da Turanci. Na taɓa karanta bayanin wata da ta ce mini ya ɗaure ta da igiyar shanya, a takarda kuma abin da aka rubuta ma'anarsa "rashin fahimta ta cikin gida". Ta dangwala yatsa a kai ba ta san me ke ciki ba.

Baban Khalifa (Sabon Gari):
Barista, wannan na kulle da kishi fa? Yanzu miji ba shi da ikon cewa matarsa kada ta fita?

Almajirin Kona:
Yana da haƙƙin a nemi izininsa, Alhaji. Ba shi da haƙƙin yanke mata zumunci da iyayenta, ko cin dukiyarta ba da yardarta ba. Suratul Baƙara aya ta 231 ta hana riƙe mace don a cutar da ita.

Mai kula da zaure:
Wata 'yar'uwa ta turo mini wannan ta ce in saka ba suna. Ga shi yadda ta rubuta:

"Ina karanta ku tun ɗazu ina kuka. Ni nawa bai taɓa ɗaga mini hannu ba, shi ya sa ban san me zan ce ba in na je gida. Sai ya yi wata biyu bai ce mini uffan ba, muna ɗaki ɗaya. In na gaishe shi sai ya kalli bango. Cefane sai ya ba yaro ya kai wa maƙwabciya ta dafa masa, ni da yara mu sha gari. In baƙi sun zo ya yi ta wasa da dariya da ni, suna fita ya koma. Na je gida sau ɗaya, Baba ya ce ya doke ki? Na ce a'a. Ya hana ki sutura? Na ce a'a. Ya ce to mene ne? Na rasa abin faɗa, na ce ba komai. Yanzu ina shan maganin hawan jini ina da shekara 29. Akwai kuma abin da ya shafi dare wanda ba zan iya rubutawa ba."

Maman Sadik (Tudun Wada):
Allah sarki ƙanwata. Irinki su ne suka fi yawa a layin asibiti: ciwon kai da ba ya jin magani, faɗuwar gaba, rashin barci, gyambon ciki. Jiki ne ke faɗin abin da baki ya kasa. Na dare da kika ce ba za ki iya rubutawa ba, ba ke kaɗai ba ce. Mai jego za ta dawo mana kafin sati uku ɗinki ya warware, tana zubar da jini. In tambaye ta, ta ce "bai bar ni na huta ba." Iyakar abin da za ta iya faɗa ke nan, kuma in ba ki san aikin ba sai ki zaci wanke-wanke take nufi.

Malama Samaru:
A nan kam na yarda akwai giɓi. Kalmomin da muke da su na wannan ɓangaren ko dai na batsa ne da mai mutunci ba za ta furta ba, ko na sakayawa irin su "shimfiɗa" da "haƙƙinsa". Ita kalmar "haƙƙinsa" ma ta riga ta yanke hukunci kafin a fara magana. Fyaɗe kuma, a kunnen Bahaushe, abin wani ƙato ne a lungu, ba maigida ba.

Almajirin Kona:
Ba sai mun yi rigima a kan sunan ba, Malama, don na san nan za a rabu. Abin da ba saɓani a kai: kusantar mace cikin haila ko jinin biƙi haramun ne, ta inda Allah ya hana haramun ne, kuma duk abin da zai yi mata rauni ko ya ƙara mata ciwo cutarwa ne da alƙali zai saurara. 'Yar'uwa mai saƙo, ƙauracewar da kika faɗa da hana ki abinci, duka biyun suna da babi. Ba "ba komai" ba ne. Ki nemi wata babba a danginku da kike iya buɗe wa ciki, ko malamar Islamiyyarku, ita ta isar wa mahaifinki. Aya ta 35 a Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, ba a ce ke kaɗai za ki tsaya gaban maza ba.

Hajiya Babba (Kwarbai):
'Yata mai saƙo, ubanki tambayar maza ya yi miki. Da ni ce, cewa zan yi yaushe rabon da ya kira sunanki? Yaushe rabon da ya ci tuwonki? Ki je wurin gwaggonki ko yayar mahaifiyarki, ki faɗa mata kamar yadda kika rubuta nan, kada ki rage komai. In ya fi miki sauƙi, ki ba ta ta karanta.

'Yar Gyallesu:
Ni dai maganar Sarkin Kano Sanusi ta fi mini, da ya ce ya gaya wa 'ya'yansa in miji ya mare su su rama.

Maman Sadik (Tudun Wada):
Na fahimci nufinsa, yana so a daina ɗaukar mari a matsayin ƙaramin abu. Amma ni da nake ganin raunukan ba zan ba mace shawarar ramawa tana ɗaki ita da shi ba. Ta fita ta tsira tukuna.

Wani abin da ban faɗa ba ɗazu: ba kowace mace ce Hausa ta wadace ta ba. Matan rugage daga wajen Giwa da Birnin Yero sukan zo da Hausar ciniki kawai, ta sayar da nono da gaisuwa. Wanda zai yi mata tafinta kuma ƙanen mijin ne ko uwar mijin. Ta yi doguwar magana da Fulatanci tana hawaye, shi ya juyo ya ce mini "ta ce cikinta ke ciwo." Haka kurame. Yanzu in na ga haka nakan nemo wata ma'aikaciya ko mai shara da ke jin harshen, in fitar da dangin.

Baban Khalifa (Sabon Gari):
Malam na Kona, maganar mayar da kuɗin khul'i ban taɓa ji ba sai yau. Akwai 'yar ƙanwata da aka raba aurenta bara, mu muka haɗa kuɗin muka biya, kuma kowa a layin ya san abin da yake yi mata. Ita ce dai a gaban alƙali ta ce ba ta son sa kawai. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa ana zuzuta wasu abubuwan, amma wannan ya shafe ni. Ana iya komawa?

Barista (Kongo):
Alhaji, ya danganta da abin da aka rubuta a kundin shari'ar da kuma lokacin da ya wuce, don ɗaukaka ƙara na da wa'adi. Ku fara neman kwafin hukuncin a kotun da aka yi, ku kai wa lauyan da ya san shari'ar Musulunci. In ba hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ba sa karɓar kuɗin aiki a irin wannan. Ku tambayi maƙwabtan tun yanzu ko za su yarda su tsaya, don da yawa a zaure suna da baki, a kotu ba su da shi.

'Yar'uwa mai saƙo da duk mai irin halinta: a nan Zariya akwai cibiyar Salama a asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, an buɗe ta ne don waɗanda aka ci wa zarafi, ana duba lafiya a kuma ba da shawara cikin sirri. Duk ranar da wani abu ya faru, ki rubuta kwanan wata da abin da aka yi, da Hausarki, ko da ajami ne, ki ajiye a gidan wata da kika yarda da ita, ba a ɗakinki ba. In akwai rauni a je asibiti a ranar, a ce wa likita ya rubuta abin da ya jawo shi. In kuma an rubuta bayaninki a caji ofis ko a kotu, ki ce a karanta miki da Hausa kafin ki sa hannu, in an canza ki ce a gyara.

Baban Khalifa (Sabon Gari):
To kwafin hukuncin, ita za ta je da kanta ko waliyyinta zai iya karɓowa?

Barista (Kongo):
Ita ce mai shari'ar, gara ta je da kanta, waliyyin ya raka ta. Ku tafi da lambar ƙarar in kuna da ita, in babu ku tuna watan da aka yanke hukuncin.